La'adar da Ake Yanka Daga Hasarar Ɗan'uwa

Ɗan yayana ne ya fara nuna mini abin, wani dare bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida a Kafin Hausa. Ya miƙo wayarsa ya ce, "Baffa, kalli wannan." Wani matashi ne yake magana kai tsaye a TikTok, da Hausa irin tamu ta majalisa, ba ta 'yan koyo ba. Shi yana sama, a ƙasansa kuma wani ɗan jan jirgi yana ta hawa, lambobi suna hawa tare da shi. Ya zuba naira dubu 50, ya bari jirgin ya yi nisa, ya danna kafin ya ɓace, sai ga dubu 200 da 'yan kai. Ya yi ihu, ya daki tebur, ya ce wa masu kallo zaman jiran aikin gwamnati ya ishe su haka. Su taɓa mahaɗin da ya liƙa a shafinsa, su sa kod ɗinsa wajen rajista, za a ninka musu kuɗin farko da suka zuba.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mun taso mun ga 'yan karta a bayan kasuwa, mun kuma san irin kallon da ake yi musu. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne maganar da yaron ya ƙara da ya ga fuskata ta canja. Ya ce, "Ni fa ba na bugawa, Baffa. Kod kawai na karɓa nake sawa a sitatus. Duk wanda ya shiga ta wajena ana ba ni wani abu. Ai dillanci ne, kamar na kasuwa." Yaro ne mai sallah, bai taɓa ɗauke wa kowa ko allura ba, kuma har zuciyarsa ya yarda da abin da ya faɗa. Tunda shi ya kira abin dillanci, da mudun dillanci ya kamata a auna shi.

Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko kasuwar Gujungu, ya san aikin dillali ya wuce haɗa ciniki. Shi ya san mai saniya, ya san rugar da ta fito. Baƙon da ya zo daga Nijar ko daga kudu a hannunsa yake sauka. Idan bayan mako biyu aka zo aka ce saniyar ta sata ce, wuyan dillali ake kamawa, shi zai nemo wanda ya kawo ta ko ya biya. La'adarsa sananniya ce, a gaban mutane ake ba shi, kuma daga cinikin da ya faɗa take fitowa: wannan ya tafi da saniya, wancan ya tafi da kuɗi, kowa ya riƙe wani abu a hannu. Akwai dillalai maha'inta, babu musu, amma sana'ar da kanta take hukunta su, domin wanda aka cuta bana ba zai dawo baɗi ba, kuma zai faɗa wa na bayansa. Jarin dillali sunansa ne.

Wannan tsarin ne ya hau intanet. Kamfanin Amazon ya buɗe nasa tun 1996: ka tura mutum ya sayi littafi ta mahaɗinka, a yanka maka wani abu. Jumia ma ta yi irinsa a nan Najeriya. Matan aure da suke tallan atamfa da turaren wuta a WhatsApp, kaya na wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari su kuma suna cin kamasho, su ma a layin suke. Ban ga aibi a nan ba muddin kayan halal ne kuma an faɗi gaskiyarsu. Mai saye ya biya, atamfa ta iso shi.

To shi mai rabon kod ɗin caca, daga ina la'adarsa take fitowa? Kamfanonin ba su ɓoye amsar ba. Tana rubuce a shafukan da suka ware wa abokan tallansu, sai dai da Turanci, kuma mai kallon bidiyo ba ya leƙawa can. Hanya biyu aka fi bi. Ko dai a biya ka kuɗi tsayayye a kan kowane sabon mutum da ya yi rajista ya zuba kuɗi, kamar kuɗin kai, ko kuma a ba ka kaso daga abin da kamfani ya ci a hannun mutanen da ka kawo, yawanci daga kashi 20 ko 25 cikin ɗari, wasu har 40. Abin da kamfani ya ci kuwa shi ne abin da mutanenka suka zuba bai dawo ba. A ce ka kawo mutum 20, kowannensu ya yi hasarar naira dubu 10 a wata. Dubu 200 ke nan, naka dubu 50 idan a kan kashi 25 kuka shirya. Idan ɗayansu ya ci babban kuɗi a watan, la'adarka ta ragu ko ta ɓace, a wasu yarjejeniyoyin ma giɓin zai bi ka har wata mai zuwa. Kod ɗin kuma yakan ɗaure asusun mutum da naka muddin yana bugawa, ko shekara nawa ne. Saboda haka mutumin da yake rufe bidiyonsa da "Allah ya ba mu sa'a" ya riga ya sa hannu a takardar da ta mayar da ranar sa'arka ranar hasararsa. Ba sai ya kasance mugu ba. Ko mutumin kirki ne, an ɗora tukunyarsa a murhun da kuɗinka ne itacensa.

Wani zai ce ai ana ci. Ana ci, amma a duba lissafin. Idan ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya, a wasan da dole ɗaya ta yi nasara, adalci shi ne wanda ya sa naira 100 ya canka daidai a ba shi 200. Kamfani sai ya ba da 190. Mutum biyu sun zuba 200, ɗaya ya karɓi 190, naira 10 ta zauna a wajen kamfani ko wa ya ci, wato kashi 5 cikin ɗari. Masu talla kuma ba sa raba tikitin wasa ɗaya. Dogon tikiti suke rabawa, wasa 10, wasa 20, wanda naira 200 za ta iya zama miliyoyi, domin shi ne mai kyan gani a hoto. Amma duk wasan da ka ƙara, an sake gutsurar wancan kashi 5. A tikitin wasa 10 irin wannan rabon kamfani ya kai kusan kashi 40, a na wasa 20 ya haura 60, kuma garaɓasar da suke ƙarawa a dogon tikiti ba ta cike wannan rami. Damar cin wasa 10 a jere, kowanne raba-daidai, ita ce 1 cikin 1,024. Shi ya sa maganar da ta fi yawa a gidajen kallon ƙwallo daren Lahadi ita ce, "Wasa ɗaya ne ya yanke min." Mai faɗar haka yana jin saura ƙiris ya ci, wannan ƙiris ɗin kuma shi ne yake dawo da shi ranar Asabar.

Wasan jirgin da ya fi shahara, Aviator, kamfanin Spribe ne ya fito da shi a 2019, kuma su da kansu sun rubuta cewa kashi 97 cikin ɗari yake mayarwa. Kashi 3 kamar ba komai ba. Sai dai zagaye ɗaya 'yan daƙiƙoƙi ne. Mai sa naira 1,000 sau 100 a dare ɗaya ya juya dubu 100, a matsakaicin lissafi an cinye masa dubu 3, gobe ma haka, jibi ma haka. Babu dabarar da take canja wannan, kuma babu manhajar hasashe da ta san lokacin da jirgin zai ɓace. Masu sayar da irin wannan manhaja a Telegram cuta suke ɗorawa a kan cuta.

To yaya aka yi wancan matashin yake ci kullum a gabanmu? Tsofaffinmu sun san amsar tun ba a yi waya ba. 'Yan wala-wala a tasha ba su taɓa zuwa su kaɗai ba. Mai juya kati uku yana tsugune, sai wani mutum mai kamala ya ratso taro kamar mai wucewa, ya sa kuɗi, ya ci, ya ƙirga a idon kowa. Manomin da ya sayar da buhun geronsa da safe ya ga abin da sauƙi, ya kwance lalitarsa. Da yamma mai kamalar nan da mai katin suke raba abin da aka samu. A fiƙihu akwai ɗan'uwan wannan, ana ce masa najashi: mutum ya yi ta ƙara wa kaya kuɗi a wajen ciniki ba da niyyar saye ba, don kawai wani ya ruɗu ya saya da tsada. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, kuma duk wanda ya karanta babin ciniki a zaure ya wuce ta kansa. Mai buga caca kai tsaye da kuɗin da kamfani ya zuba masa, ko da asusun gwaji wanda lambobinsa ba kuɗi ba ne, aikin wancan mai kamalar yake yi, sai dai taronsa ya kai dubbai. Idan ya faɗi bai rasa komai ba. Wanzami ba ya son jarfa, shi ma ba da kuɗin cefanen gidansa yake tayar da jirgi ba. Wanda yake ɗora guntun bidiyo kuma na ranar ci yake ɗorawa. Hoton tikitin da ya ci kuwa, yaron da ya iya waya zai haɗa maka shi kafin shayi ya huce.

Wannan ba zargin zaune ba ne, an sha kama shi. A 2016 aka gano cewa wasu shahararrun 'yan YouTube biyu, Trevor Martin da Tom Cassell, waɗanda suke nuna wa matasa yadda suke ci a wani shafin caca mai suna CSGO Lotto kamar tsintarsa suka yi, su ne masu shafin. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta bi maganar har aka daidaita a 2017, da sharaɗin su riƙa bayyana alaƙarsu da abin da suke tallatawa. A watan Oktoba na 2022 wani mai suna Tyler Niknam, wanda aka fi sani da Trainwreck, ya faɗa da bakinsa cewa an biya shi dala miliyan 360 cikin wata 16 yana buga caca a gaban masu kallo. Babu kamfanin da zai biya wannan kuɗi idan ba ya mayar da fiye da shi daga aljihun masu kallon. A ranar 18 ga wannan wata ne dandalin Twitch ya hana nuna shafuka irin su Stake da Roobet, bayan wani daga cikin masu shirye-shiryensa da ake kira Sliker ya amsa cewa ya yaudari mabiyansa da abokansa ya karɓi aƙalla dala dubu 200 ya zuba a caca. Kafin shekarar ta ƙare sai ga sabon dandali mai suna Kick, wanda masu kamfanin Stake, Ed Craven da Bijan Tehrani, suke bayansa. An toshe ƙofa, sun gina nasu zauren.

Labarin Brazil ya fi kama da namu, domin can ma talakawa aka nufa, da waya mai araha. Wani wasa mai hoton ɗan damisa ya cika ƙasar ta bakin 'yan Instagram, 'yan sanda a jihohi da dama suka gano cewa da yawansu da asusun gwaji suke nuna ci. Majalisar dattawan ƙasar ta kafa kwamitin bincike a ƙarshen 2024. A watan Mayu na 2025 aka kira Virginia Fonseca, mai mabiya sama da miliyan 50, aka tambaye ta a kan rahoton da wata mujalla ta buga cewa yarjejeniyarta ta ba ta kashi 30 na hasarar mabiyanta. Ta musanta. Amma tambayar da aka yi mata ita ce wadda ya kamata mu ma mu koya: daga ina la'adar mai talla take fitowa?

Akwai kuma masu ba da wasa, waɗanda suke ce wa kansu masana ƙwallo. Wasunsu sun san ƙwallo da gaske, sun san wa ya ji rauni, wa aka dakatar. Sai dai kamfanin ma ya sani, ya riga su sani, kuma ya saka shi cikin farashi. Mafi muni su ne masu "shuwa gem", wai wasan da aka riga aka saye sakamakonsa. Ga yadda ake yi. Mutum ya tara lambobin waya 1,600. Ya gaya wa rabi masu gida za su ci, rabi kuma ba za su ci ba. Bayan wasa ya watsar da waɗanda aka ba kuskure, ya sake raba 800 ɗin da suka rage gida biyu. Daga nan 400, sai 200, sai 100. Bayan wasa huɗu yana da mutum 100 da suka ga ya canka huɗu cif ba kuskure, kuma za su rantse da shi. A nan ne zai ce a biya naira dubu 5 a shiga rukunin manya. Bai san komai ba sai rabawa da biyu. Wanda yake da tabbacin sakamakon wasa ba zai sayar da shi a kan dubu 5 ba. Mafi yawansu kuma baki biyu suke ci: kuɗin shiga rukuni daga hannunka, la'adar hasararka daga kamfani, domin sharaɗin shiga shi ne ka buɗe asusu da kod ɗinsu.

Kamfanonin suna da manyan fuskoki. Jay-Jay Okocha ya yi wa BetKing jakadanci, Nwankwo Kanu ya yi wa SportyBet, Davido ya yi wa 1xBet. Sunan 1xBet yana kewaye da fili a gasar cin kofin Afirka, na Stake ya hau ƙirjin 'yan wasan Everton a 2022, yaranmu suna ganinsu a gidan kallo. Amma Okocha ba zai sa ɗan Bulangu ko Sarawa ya zuba kuɗin riɗinsa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ana bukatar wanda zai faɗi abin da Hausa, ya sa hula, ya ce "wallahi", ya ce "'yan'uwana". Daga shi kuma sai ƙanana irin ɗan yayana, waɗanda ba su da mabiya dubbai amma suna da abin da ya fi mabiya tsada: abokan makaranta, 'yan ƙungiyar ƙwallon unguwa, 'ya'yan maƙwabta da suka san gidansu. Abin da kamfani yake saye a hannunsu shi ne yardar da iyayensu suka shekara talatin suna tarawa a gari.

A Jigawa, jihar da take aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, shagon caca ba ya iya kafa allo a bakin titi ya zauna lafiya. A Kano, a ƙarshen daminar 2024, Hisbah ta rufe shaguna 30 a yanki ɗaya bayan koke-koken iyaye. Na goyi bayan haka. Amma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: shago yana da wani birki da waya ba ta da shi, wato kunya. A gari kamar namu, kafin yaro ya fito daga shagon caca labari ya isa kunnen mahaifinsa. Yanzu yana kwance a ɗaki ya rufe ƙofa, ya ba mai POS kuɗi da rana, ya tura ta OPay ko PalmPay da tsakar dare, babu wanda ya gan shi. Rufe shago ya mayar da cinikin hannun masu kod, su ne shagon yanzu.

Kuma sun zo a kan gaɓa. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne suke cikin talauci mai fuskoki da yawa a Najeriya, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, komai ya tashi. Garinmu yana da Jami'ar Sule Lamido tun 2013, Dutse tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, matasa ne cike da wayoyi da buri da ƙarancin kuɗi. Ɗalibin da naira dubu 20 ta bashin karatu take shigo masa a wata, ko saurayin da ya sayar da zoɓo da kaka yana lissafin lefe, shi ne wanda ake farauta. Mai kod ba ya ce masa zo ka yi caca. Kowa ya san hukuncinta, kowa ya san Alƙur'ani ya jera ta da giya a surar Baƙara da ta Ma'ida. Sai a canja mata suna: bet, gem, hasashe, nazarin ƙwallo, neman na kai.

Idan aka cuci mutum, ina zai kai kuka? Da yawa daga shafukan da ake tallatawa lasisinsu na wani tsibiri ne mai suna Kurasawo, can a tekun Karibiyan. Idan suka riƙe kuɗinka suka ce ba ka cika sharaɗin garaɓasa ba, wanda sau da yawa yake nufin sai ka juya kuɗin sau da dama kafin ka iya cirewa, babu ofishin da za ka je a Dutse ko Haɗeja. Ba za ka je gaban alƙali ka ce a karɓo maka kuɗin caca ba. Ba za ka gaya wa mahaifinka ba. Wanda ya ba ka kod ɗin zai ce shi ma ba ma'aikacinsu ba ne. Dillalin Maigatari yana tsoron bakin wanda ya cuta. Mai kod yana da kariyar da babu ɗan kasuwar da ya taɓa samun irinta, domin duk wanda ya yi hasara ta hannunsa shi ne farkon mai son a rufe maganar. Shi ya sa a ƙarƙashin bidiyonsa godiyar waɗanda suka ci kawai ake gani.

Ta fuskar doka, wani abu ya canja da ba a yi maganarsa sosai a nan ba. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Abuja kaɗai. Ma'ana, lasisin tarayya da masu shaguna suke ɗagawa idan an zo rufe su ya daina zama garkuwa, magana ta dawo hannun majalisar dokoki ta Dutse da Gwamna Umar Namadi, wanda ɗan wannan gari ne. Jiha ba za ta iya kama kwamfutar da take wata ƙasa ba, amma mai tallata ta da Hausa a cikinmu yake kwana. Wasu ƙasashe ta nan suka bi. Ingila ta hana amfani da 'yan ƙwallo da taurarin da yara suke so a tallan caca daga watan Oktoba na 2022. Kenya ta dakatar da duk tallan caca na kwana 30 a watan Afrilu na 2025, daga baya ta hana amfani da taurari da 'yan soshiyal midiya gaba ɗaya. A nan gida hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta ce tun farkon 2023 sai an tantance tallan da irin waɗannan mutane za su ɗora, amma wa yake tantance sitatus ɗin yaro a Kafin Hausa?

Tsorona da doka ɗaya ne: kada a cika mota da ƙananan yara masu rabon kod a aske musu kai, manyan da suke cin miliyoyi a Kano da Abuja suna ci gaba da ɗaukar bidiyo a cikin motocinsu. Abin da na fi so in gani shi ne liman ya tsaya ranar Juma'a, bayan ya faɗi hukunci, ya yi wa mutane lissafin nan na mutum 20 da dubu 200 da dubu 50. Yawancin yaran da suke rabon kod ba su taɓa jin sa ba. Sannan a sami inda wanda abin ya kama zai je ya faɗi damuwarsa ba tare da an tona shi ba, domin caca idan ta kama mutum ciwo ce, likitocin ƙwaƙwalwa tare da shaye-shaye suke lissafa ta.

Na saurari hujjojin masu yi, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa ba su tilasta wa kowa ba. Gaskiya ne, mai kamalar tasha ma bai tilasta wa manomi ba. Suna cewa sun rubuta cewa banda ɗan ƙasa da shekara 18, alhali sun san wayar uwa a hannun ɗan sakandare take kwana. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ci: babu aiki, data da tsada, kamfanin sabulu ko na shinkafa ba ya neman mai bidiyon Hausa, na caca ne kaɗai yake ƙwanƙwasa masa ƙofa da kuɗi a hannu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma 'yan kasuwarmu da suke raina tallan waya suna da nasu kason a ciki. Amma yunwar mutum ba ta halatta masa tuwon maƙwabcinsa.

Ana iya samun mai gaskiya a cikinsu? Ana iya samun wanda ya fi wani. Wanda zai buɗe baki ya ce kamfani ne yake biyansa, ya faɗi ko a kan kai ake biyansa ko a kan hasara, ya faɗi kuɗin wa yake bugawa da shi, ya nuna duk tikitinsa na wata uku har da waɗanda suka yanke, wannan ya fita daga ha'inci. Sai dai duk wanda ya yi haka tsakani da Allah ya kashe kasuwarsa da hannunsa, domin babu mai bin mahaɗin mutumin da ya nuna masa ƙarshen lissafi. Sana'ar da faɗin gaskiya yake rushe ta, ban san yadda za a kira mai yin ta amintacce ba.

Washegarin daren da ya nuna mini bidiyon, na sa ɗan yayana ya buɗe mini shafinsa na abokin talla. Babu sunaye a ciki, lambobi ne kawai, mutum 11, kowanne da abin da ya zuba da abin da aka ci masa. Na ce, "Ka san su?" Ya yi shiru, sannan ya ce ya san takwas. Ya nuna lamba ta uku, wadda ita kaɗai ta kawo fiye da rabin la'adarsa. Ɗan maƙwabcinmu ne, tare aka yi musu kaciya. Da kakar nan aka ce ya sayar da babur ɗinsa wai zai ƙara jari, har yau ba a ga jarin ba. Yaron ya daɗe yana kallon lambar, ya ce, "Baffa, ni na ɗauka daga ribar kamfani suke ba ni." Na ce daga ribar kamfani ne, ga ta nan a gabanka.

Ya goge sitatus ɗin a take. Kuɗin da ya taru muka ce za mu kai wa malam maganarsa bayan la'asar, a ji ko masu shi za a mayar wa, da kuma yadda za a mayar ba tare da an tona asirin kowa ba. Sai dai goge sitatus bai kwance asusun mutum 11 ɗin daga nasa ba. Ranar Litinin, bayan wasannin ƙarshen mako, ya sake zuwa da wayar a hannu, bai ce komai ba ya nuna mini. An ƙara masa naira 3,400.